Nono a Tulun Halilu

Halilu bai taɓa sa wa fure wuƙa ba tun da ya san damansa da hagunsa. Manomi ne, ɗan manomi. A wurinsa furen kuɓewa kuɓewa ce da ba ta iso ba, furen kabewa kuma kabewa. Wanda ya yanke fure ya yanke abinci tun yana ciki.

Sai ga shi ranar wata Laraba, tsakiyar bazara, jikarsa Husna ta sauko daga kan kabu-kabu da wani dogon kwali a rungume kamar mai ɗauke da jinjiri. Ko gaisuwar kirki ba ta yi ba, ta wuce ɗakinsa.

Ɗakin nan shi kaɗai ya rage na ƙasa a gidan. 'Ya'yansa sun rushe sauran sun yi na siminti da kwano, ga su nan kullum suna gasuwa a ciki kamar gurasa. Nasa kuwa katanga mai kauri, rufin azara, ƙofa ɗaya, ko da rana tsaka sanyi gare shi. A kusurwa, bisa tarin rairayi, akwai tulunsa na sha. Marigayiya matarsa Sahura ta zaɓo shi da hannunta, kuma babu ruwan da ke masa daɗi a duk Dogon Dutsi sai na cikinsa.

Ya bi ta ciki. Ta riga ta buɗe kwalin. Furanni ne farare, masu dogayen kara da ƙaya, an naɗe gindinsu da jiƙaƙƙen tsumma.

Ya ce, "Mi na na?"

Ta ce, "Wardi, Kaka. Daga Yamai, yanzu motar kar ta sauke su."

"Ana cin su?"

"A'a."

"Ana magani da su?"

"Kallo aka yi."

Ya juya ya tofar da yawu waje.

Sana'ar Husna ƙawata wurin biki ce, irin wadda ma'aikata baƙi suka shigo da ita garin: labule, fitilu, kujeru masu riga. Wannan ne aikinta babba na farko. Wata ma'aikaciyar likita, Afra'u, za ta yi aure ranar Asabar, ta ce ita ba ta son furen roba, na gaske take so ta riƙe. Mai lambun da ke bakin kogi a Yamai ya aiko su da wuri. Wuta kuwa tana ɗaukewa fiye da yadda take zuwa, firigon sanyaya ruwa na maƙwabta ya zama akwatin ajiyar kwanoni. Ita kuma dole ta tafi Doso ɗauko labule, sai daren Juma'a ko safiyar Asabar za ta dawo.

Ta ce, "Mijina, ɗakinka da tulunka nika so. Kai ma nika so."

Ya ce, "Na sake ki. Kwashe gawarki ki fita."

"Ba gawa ba ce. Suna shan ruwa."

"Abin da anka raba da saiwatai gawa na. Jinyar gawa kika so in yi da furfurata?"

Ta fara mayar da su cikin kwalin a hankali, tana magana da kanta yadda zai ji. "Bon, shi ke nan. Dama an ce mini kar in wahal da tsoho. Wai hannu ya fara rawa, mantuwa ta shigo. Ba za su kai ko gobe ba a wurinshi."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

Ya san tarko ne. Ya gan shi sarai, ya taka. Ya ce, "Ajiye. Za su kai Asabar."

Ita ma ta san abin da ta kama. Halilu idan ya ce, ya ce.

Ta zauna ta koya masa, yana tsaye yana kallon azara. Kowace safiya a zubar da ruwan, a wanke tulun tas. A tsige duk ganyen da zai taɓa ruwa. A datse ƙarshen kowane kara a karkace da wuƙa mai kaifi, cikin ƙwaryar ruwa, don kada iska ta shiga ta toshe masa maƙogwaro. A sa sukari kaɗan, abincinsu ke nan, a ɗiga jabel ɗin wanki mai kashe ƙwayoyin cuta don kada ruwan ya ruɓe. Ƙofa a rufe. Ban da rana, ban da hayaƙi, ban da mangwaro a ɗakin, don numfashin nunannen mangwaro yana tsofar da su.

Ya ce, "Mangwarona ma?"

"Shi ma. In kuma ka ga sun sunkuyar da kai, ka yanke sama da inda ya ruɓe, ka kwantar da su gaba ɗaya cikin ruwan sanyi. Dakor? Ka yarda?"

Ya ci gaba da kallon azara. Ta kwashe masa mangwaronsa ta fita da shi, ta bar masa jarkar roba ya riƙa sha.

Safiyar Alhamis, da ya dawo daga masallaci, ya durƙusa gaban tulun don bayansa ba ya son sunkuyo. Ya zaro furannin. Kwana ɗaya kacal, amma karan sun yi santsi kamar an tsoma su a miyar kuɓewa, ruwan kuma ya fara wani tashi irin na tsumman da aka manta a bokiti. Ya kau da hanci. Ya wanke, ya datse, ƙaya ta soke shi a babban yatsa. Ya zuba sukarin da shi kansa ba ya samu a kununsa kullum. Ya sha ruwan jarka, ɗumi, mai ɗanɗanon takalmi. Ya ce a ransa duniya ta zo ƙarshe, tunda an kai ga ciyar da abin da ba zai haihu ba.

Da yamma yayarsa Shatu ta iso a amalanken jaki daga Lugu, da ƙwaryar daddawar batso da za ta sayar a kasuwar Juma'a. Ta girme shi, ta ƙanƙance, haƙoranta sun tafi, idonta kuwa yana nan kamar na shaho. Ita ta zauna a gidan ubansu, tana kula da tukwanen iskokin gidan kamar yadda kakanni suka bari. Shi kuwa tun yana saurayi ya bar wannan hanya, ya sauko gari, ya kama salla, har sahun gaba ya zama wurinsa. Ba su taɓa faɗa a kan haka ba. Ba su kuma taɓa maganarsa ba.

Safiyar Juma'a yana durƙushe a kusurwar nan mai duhu, wuƙa a dama, sukari a hagu, yana gunguni ƙasa-ƙasa, sai ya ji inuwa ta tare ƙofa. Shatu ce tsaye. Ta dubi tulun, ta dubi fararen furanni, ta dube shi. 

Ta ce, "Sannu da aiki, Auta."

Ya ce, "Aikin banza. Ja ƙofar, ba su son rana."

Ta ce, "Na sani. Ba ta son rana."

Ta ja ƙofar a hankali, kamar mai gudun ta da wani daga barci. Bai kula ba. Ya gama, ya wuce lambunsa na bakin tabki, daga can ya yi wanka ya tafi masallacin Juma'a.

Bai dawo gida ba sai da rana ta karkata. Tun daga zaure wari ya tarbe shi. A ƙofar ɗakinsa ga farar kaza ɗaure da ƙafa, ga farin ƙyalle an rataya a ƙusa, ga goro fari a ƙaramar ƙwarya. Ya tura ƙofa. Ƙudaje suka tashi, buu.

Ya taɓa shiga majema, ya taɓa fid da mataccen jaki daga rijiya. Wannan ya fi. Wari ne mai zaƙi-zaƙi, mai tsami, mai kama maƙogwaro. Bakin tulun ya yi kumfa fari, wani abu mai gudaji yana gangarowa ta gefe yana shiga rairayi. Furannin duk sun sunkuyar da kai kamar masu zaman makoki, na gefe sun fara yin ruwan ƙasa.

Ya fito yana riƙe da hanci. "Yaya!"

Tana zaune gindin bedi tana taunar goro da dasashi, fuskarta cike da annuri. Ta ce, "Ka gani?"

"Mi kinka zuba cikin tuluna?"

"Nono. Mai kyau, na Fulanin Dogon Kiriya, ban bari anka sa mishi ruwa ba. Kai ko kunya ba ka ji, Auta? Doguwa Fara kana ba ta sukari kamar ɗiyar lakkwal 'yar boko? Nono taka sha. Ka daɗe da barin gida, ka manta."

Ya saki hancinsa, ya zura mata ido.

Ta ci gaba. "Tun safe zuciyata fari. Tulu a kusurwa, ɗaki a rufe, kai a durƙushe da wuƙa kana yi mata magana. Haka Baba ka yi, wurin zaman ma iri ɗaya. Na faɗa wa matanmu a kasuwa. Kazar ta ɗayarsu ce, Hauwa, ɗanta ba shi da lafiya."

"Kin faɗa a kasuwa."

"Abin ɓoyo na?"

Ya ce, "Furen biki na. Na Husna. Wata amarya za ta riƙe a ɗauke ta hoto."

Taunar ta tsaya. "Hoto."

"Hoto."

"Kai kaka durƙusa wa abin hoto?"

"Bayana ka ciwo."

Ta dube shi tun daga rawani har takalmi, annurin nan ya bushe. Ta tofar da goron. Ta ce, "Tir. Da na ce ka bar na gida don ka samu wanda ya fi. Ashe ciyawa kaka yi wa bauta. Asarar nonona."

Ba shi da lokacin amsa mata. Gobe Asabar. Ya nufi famfon gida ya murɗa, ya yi tari ya yi shiru. Randar mata saura ƙasa-ƙasa, jarkarsa rabi. Abin da ke gabansa kuwa ruwa yake so mai yawa, mai gudu. Famfon da ke da ruwa a unguwar ɗaya ne, na bakin titi, daura da masallacin unguwa, inda maza ke zama bayan la'asar.

Ya tsaya a tsakar gida. Zai iya jiran duhu, amma furannin ba za su jira ba. Zai iya zuba su a bola ya ce zafi ne ya kashe su, ba wanda zai ƙaryata shi, bazara ce. Sai ya ji muryar yarinyar nan: hannu ya fara rawa, mantuwa ta shigo.

Ya tuɓe babbar rigar Juma'a. Ya ɗauki tulun a kafaɗa, ruɓaɓɓen nono yana ɗiga masa a wuya, ya riƙo babban baho na wanki a ɗaya hannun, ya fita. Kazar ta tsinke igiyarta ta biyo shi, tana tsattsagar gudajin da ke zuba.

Haka ya ratsa titi: tsoho ɗan sahun gaba, da tulu mai fararen furanni, da farar kaza a baya. Hirar bakin masallaci ta mutu. Masu shayi suka bar fifita gawayi. Labarin kasuwa ya riga shi isowa, ya gani a idanunsu.

Ya sauke, ya kifar da tulun a magudana. Warin ya bazu. Wata mata da ke jiran layi ta ɗauke bokitinta ta koma nesa tana toshe hanci da mayafi. Ya tara baho, ya fara wanke karan ɗaya bayan ɗaya. Yauƙin yana bin yatsunsa, yana shiga ƙarƙashin farce, yana shiga inda ƙaya ta soke shi jiya. Ƙasan karan ya yi laushi, ya yi baƙi, yana narkewa a hannu. Ya kau da fuska, ya ci gaba.

Nasiruddeen ya taso. Matashi ne mai shagon wayoyi, mai ɗan gemu, wando bisa idon sawu, ba ya rasa jam'i, kuma yana girmama Halilu tun yana ƙarami. Ya tsuguna nesa kaɗan, ya rage murya.

Ya ce, "Baba Halilu, wata magana muka ji, ba ta yi mana daɗi ba. Na ce ba zan yarda ba sai na ji daga bakinka."

"Ka ji daga bakina: riƙe wanga."

Ya miƙa masa dami. Nasiruddeen ya ja baya. "Baba, in abin nan na iskoki ne, ni ba zan taɓa ba."

"Da na iskoki na, da na san amfaninshi. Na hoto na."

"Hoto?"

"Kai ma? Amarya za ta riƙe. Jikata ta ba ni ajiya, yayata ta ba su nono. Riƙe ko ka tashi, kana tare mini haske."

Daga kan tabarma wani tsoho abokinsa ya ɗaga murya. "Halilu, to kazar fa? Ita ma hoto za a ɗauke ta?"

Aka kwashe da dariya. Halilu bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Ta ganka ne ta ɗauka ɗan'uwanta na."

Nasiruddeen dai bai riƙe ba, amma ya matsa ya kama masa kan famfon yana murɗawa, fuskarsa a juye saboda wari. Halilu ya sa wuƙa cikin ruwa ya datse sama da inda ya ruɓe. Ya duba, cikin karan har yanzu baƙi. Ya ƙara datsewa. Ya ƙara. Sai da ya kai inda ya yi fari da tauri, kusa da wuyan furen. Waɗanda suka riga suka mutu ya jefar, awaki suka zo suka sunsuna suka wuce. Ya ce ko akuya ta fi mutanen yanzu hankali.

Tulun kuwa ya wanke shi da toka, ya wanke da rairayi, ya wanke da jabel. Ya sa hanci. Nonon ya riga ya shiga jikin yumɓu, inda hannu ba ya kaiwa. Ya sake wankewa. Ya sake sa hanci. Ya daɗe tsugune da tulun tsakanin gwiwoyinsa. Nasiruddeen ya rufe famfon ya koma wurinsa.

Ya kai bahon ɗaki da sabon ruwa, ya kwantar da furannin ciki gaba ɗaya kamar yadda aka ce masa, ya rufe ƙofa. Ya wanke hannunsa da sabulu har fata ta yi zafi. Da aka kawo tuwo ya kai loma baki, ya ji warin a yatsunsa, ya ture kwanon.

Da safe ya buɗe ƙofa. Sun ɗaga kai. Ba duka ba, amma mafi yawa, farare, a buɗe, kamar ba su san abin da aka sha dominsu ba. Hakan ya ƙara ba shi haushi. Ba su da tsawon da za su tsaya a wani abu mai zurfi, sai ya jera su a kwanon sha, ya sa sukarin, ya ɗiga jabel ɗin.

Husna ta iso da hantsi, da ƙullin labule a kai. Ta shiga ɗakin da gudu, ta tsaya cak.

"Kaka! Ina ƙafafunsu?"

"Yau wace rana?"

"Asabar."

"Suna da rai?"

"Suna da rai, amma na bar su kamar kamu biyu, yanzu ko taƙi ba su kai ba! Mi amarya za ta riƙe?"

Ya ce, "Na ce za su kai Asabar. Ban ce da tsawonsu ba."

Ta sunsuna iska. "Wanga wari fa?"

"Tambayi kakarki ta Lugu."

Ta ɗauki ɗaya ta juya shi a haske, ta taɓa ganyen furen, ta ga da ƙarfinsa. Ta tattara su a tafin hannu, suka yi dunƙule kamar curin fura. Ta karkata kai tana kallo. Ta zaro farin zare mai sheƙi daga jakarta ta fara naɗe guntayen karan, bakinta yana motsi. Can ta ce, "Wala, ga shi nan. Haka ma aka yayi yanzu a Yamai." Ta ɗago. "Mijina, na mayar da aurenmu. Za ka zo ka ga amarya da su?"

"Na gan su. Ya isa."

Ta fita da su a inuwar mayafinta.

Shatu ta riga ta ɗaure kayanta a amalanke. Tun jiya ba ta yi masa magana ba. Ta zo ta tsaya kan tulun da ke kife a rana, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa.

Ta ce, "Ba za ka ƙara shan ruwa a ciki ba."

"Na sani."

"Ya sha nono da sunan wadda anka ba. Ko kai ba ka nufa ba, ni na nufa. Ba a barin shi kife a rana kamar kaskon kaji. Ba ni."

Ya dubi tulun. Ya tuna ranar da Sahura ta ɗora shi a kai daga kasuwa, tana cewa ta ƙwanƙwasa duk na rumfar kafin ta sami mai wannan murya. Ya ɗauka da kansa ya kai amalanken, ya gyara masa wuri tsakanin buhuna, ya cusa tsumma ta gefe don kada hanya ta fasa shi.

Ya ce, "Kazar mutane ma ki mayar musu."

"Ita ta zaɓi gidanka." Ta hau. "Sai wata Juma'ar, Auta. In ka ga wata ciyawar, ka gaishe ta."

Jaki ya ja. Daga can unguwar ma'aikata kiɗan biki ya fara tashi a lasifika. Halilu ya koma ɗakinsa. A kusurwa saura rami a rairayi, daidai gindin tulu, da ƙudaje biyu-uku da ba su ji labari ba. Ya kwashe rairayin ya watsar waje. Ya ɗauko mangwaronsa ya mayar wurinsa. Ƙishi ya kama shi, ya ɗaga jarkar roba ya kurɓa, ya riƙe ruwan a baki, ya rufe ido, ya haɗiye.